INJIN DA ZAI BA MANOMI BAKIN CEWA ALBARKA

Jama'a, 'yan'uwanmu manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da ku 'yan kasuwa masu kasa kayan gwari tun daga Kwanar Gafan har 'Yankaba, maganarmu ta wannan mako a kan wani inji ce. Kada wani ya ji an ce inji ya naɗe jarida ya ce wannan zancen 'yan boko ne, babu ruwansa. Da ruwanka ƙwarai, domin zancen kwandon tumatirinka ne da bashin takin da ka ci.

Injin nan Turawa suna kiransa da wani suna wanda in an mayar da shi Hausa sai a ce famfon zafi. Mu za mu kira shi injin kwashe zafi, tun da aikinsa ke nan. A Turai rububinsa ake yi don ɗumama gida lokacin sanyi da sanyaya shi lokacin zafi, da lantarki kaɗan. Ƙannensa, watau firji da iyakwandishan, sun daɗe da zuwa ƙasar nan, kuma kowa ya ga inda suka sauka: gidajen manya da ofisoshi da bankuna, talaka kuwa sai dai ya ji ƙugin injin ta bayan katanga. Saboda haka muka ga ya kamata wannan karon mu riga kowa magana. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, injin gaskiya ne, ba rufa ido ba ne, amma a ƙasar Kura da Bunkure wurin da ya cancanci ya fara sauka shi ne kasuwar tumatir, ya zama mallakar manoma da 'yan kasuwa. Ɗakin kwana ya biyo baya. Ga dalilanmu.

YADDA YAKE AIKI

Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya riga ya san rabin karatun. Injin ban ruwa ba ya ƙirƙirar ruwa. Ruwa yana nan kwance a kanal ko a rijiya, gangara kaɗai ya sani, sai inji ya ɗaga shi ya hau da shi tudu inda shuka take. To, zafi ma haka yake. In aka bar shi, daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa wuri mai sanyi. Aikin injin nan shi ne ya tilasta masa hawan tudu, ya kwashe shi daga wuri mai sanyi ya juye shi a wuri mai zafi.

A cikinsa akwai siririn bututun jan ƙarfe da ya zagaya, ɗauke da wani ruwa na musamman wanda masu gyaran firji suke kira gas. Ruwan nan ba ya bukatar wuta kafin ya tafasa, ɗan ɗumin ɗaki ya ishe shi. In ya tafasa ya zama tururi sai ya shanye zafin wurin, kamar yadda gumi yake tafiya da zafin jiki in iska ta buga. Daga nan kwamfireso ya matse tururin, matsi kuwa yana sa shi zafi ƙwarai, kamar yadda famfon keke yake ɗaukar zafi in ana ba taya iska. Sai ya bi ta bututun waje ya zubar da zafin, ya koma ruwa, ya ratsa wata matsattsiyar kafa ya huce, ya sake shiga ciki neman wani zafin. Wanda ya taɓa sa hannu a bayan firjin mai sayar da ƙanƙara ya ji ɗumi, to ɗumin nan shi ne zafin da aka kwaso daga cikin ruwan. In aka sa wa injin makunnin da zai juya tafiyar gas ɗin, sai gaba ya zama baya: da bazara ya fitar da zafin ɗaki waje, da hunturu ya ɗebo ɗan ɗumin da ya rage a iskar waje ya shigo da shi ɗaki.

Ribarsa a nan take. Hitar lantarki irin wadda ake tsomawa a bokiti, in ka ba ta mudu ɗaya na wuta, mudu ɗaya na zafi za ta ba ka, ba ƙari. Injin kwashe zafi kuwa ka ba shi mudu ɗaya ya kawo maka uku ko huɗu. Ɗan kasuwa zai gane wannan nan da nan: kuɗin dako kaɗai ka biya, kayan da kansu kyauta ne, suna yawo a iska.

Shi ya sa a ƙasar Norwe, inda ƙanƙara take rufe ƙasa watanni, kimanin gida 6 cikin 10 da shi suke ɗumi. A 1938 aka sa wa zauren majalisar birnin Zurik na ƙasar Suwizalan irinsa, yana ɗebo ɗumi daga ruwan kogin da ya ratsa garin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa iskar gas ta yi tsada, an sayar da wajen miliyan 3 a Turai cikin shekara guda. A 2023 gwamnatin Ingila ta ɗaga gudummawar da take ba mai gida in zai sa shi zuwa fam 7,500. Ku lura da wannan, jama'a. Baturen da yake da albashi da wuta dare da rana, shi ma sai da gwamnatinsa ta kama masa. Balle mai kwando goma a Bunkure.

RUWA YA ZO, SANYI BAI ZO BA

Mu dawo gida. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, aka haƙa kanal ruwa yana gangarowa da kansa har gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Daga baya kuma aka shiga gyaran magudanan da rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING. Ba mu raina wannan aiki ba. Ƙasar da a da matasanta suke tafiya cin rani ta zama ƙasar da ake zuwa cin rani a cikinta.

Amma fa shekara 50 ke nan ana kai ruwa har bakin gona, ba a yi tanadin ranar ɗiban tumatir ba. Daga Janairu zuwa Maris kowa nasa ya nuna a lokaci guda. Tumatir kuwa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Kwana biyu ko uku a zafin ƙasarmu ya fara ruwa. Manomi ya sani, mai saye ya sani, kuma mai saye ya san manomi ya sani. Da hantsi a taya kwando, mai shi ya ce albarka. Da azahar a taya ƙasa da haka, ya yi shiru. Da la'asar shi da bakinsa yake bin mai saye yana cewa kawo abin da ka kawo. Ba mu ce dillali mugu ne ba, shi ma rana yake gudu, domin akwai tafiyar kilomita wajen 1,000 a gaban motar kafin ta kai kasuwar Mile 12 a Ikko, watau Legas, kwando bisa kwando, na ƙasa yana tsiyaya a kan titi. Mai kasawa a bakin kasuwa ma haka, abin da bai sayar yau ba gobe rabinsa na awaki ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya.

Sa'an nan damina ta kawo kai, tumatir ya yi ɓatan dabo, matar manomin nan da ya zubar da nasa a Fabrairu ta aiki yaro ya sayo mata na gwangwani ko na leda. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mutanen Kura sun fi kowa sanin wannan karin magana.

A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta niƙa tan 1,200 a yini. A shekarar nan ce kuma tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki, kuma daga baya masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa. Muna son masana'anta, a ƙaro mana goma ma. Amma ko ta yi aiki kullum, manomin da ba zai iya riƙe kayansa kwana uku ba, abin da aka yanka masa shi zai karɓa, daga kamfani ne ko daga dillali. Ciniki na mai iya haƙuri ne, haƙurin mai tumatir kuwa sanyi ne.

GABA SANYI, BAYA ZAFI

Tumatir ba ya son ƙanƙara, ɓata shi take yi. Abin da yake so ɗaki ne mai sanyin digiri 10 zuwa 13, kusan irin sanyin asubahin hunturu. A nan zai yi mako biyu ko uku bai canza ba, musamman in an zuba shi a akwatin roba maimakon kwandon da yake matse na ƙasa. Wannan ba mafarki ba ne. A 2015 wani ɗan ƙasar nan, Nnaemeka Ikegwuonu, ya fara kafa irin waɗannan ɗakuna a jihar Imo da sunan ColdHubs, suna aiki da hasken rana, mai kaya ya biya kuɗin kwana a kan kowane akwati, ya zo ya ɗauka ranar da kasuwa ta yi masa. Abin da ya yiwu a kasuwar da ake kai wa tumatir, don me ba zai yiwu a bakin gonar da ake nomansa ba?

Kada wani ya ce mako biyu ba kome ba ne. Mako biyu shi ne bambancin mai roƙo da mai ciniki. In rabin kwandunan da suka cika Kwanar Gafan ranar da kaya suka yi yawa suna da wurin kwana, ba za a taya sauran tayin wulaƙanci ba.

Ga kuma abin da ya sa muka ce injin kwashe zafi, ba mu ce firji kawai ba. Zafin da aka kwaso daga ɗakin sanyi dole ya fita ta baya. A banki da gidajen manya, iska ake ba shi ya tafi a banza. Mu kuwa muna da aikin da zai yi. Kowa ya ga yadda ake yin kauɗa: a yanka tumatir a shanya a ƙasa ko a gefen titi, ƙura ta hau, awaki su bi ta kai, ya bushe baƙi ƙirin da tsakuwa a ciki, a sayar da shi a wulaƙance. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma iska mai ɗumin digiri 50 zuwa 60 a rufaffen ɗaki ta isa ta busar da shi ja wur, babu ƙasa. Injin da aka ƙera don haka yana iya ba da wannan ɗumi. Watau gini ɗaya, ɗaki biyu: na gaba ya ajiye mai kyau, na baya ya busar da wanda ya nuna da yawa, da tattasai da attaruhu da kuɓewa, a ɗura a buhu a jira damina. Ko a Turai ma ba da ɗakin kwana injin ya fara ba. Wajen 1857 wani injiniya, Peter von Rittinger, ya gwada shi a ma'aikatar gishiri ta Ebensee a ƙasar Ostiriya, don ƙafar da ruwan gishiri ba tare da cin itace mai yawa ba. Da sana'a ya fara, daga baya ya shiga gida.

INA WUTAR?

Mun san tambayar da take bakinku, kuma tambaya ce ta masu hankali. Wutar gari ba abin dogaro ba ce a ƙauye. Janareto kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ya zama mai cin riba da uwar kuɗi. Amsar tana bisa kanmu. Watannin da tumatir yake yawa su ne watannin da babu gajimare, kuma sa'ar da rana ta fi ƙuna, lokacin da aka fi bukatar sanyi, ita ce sa'ar da faifan sola ya fi ba da wuta. Da rana injin ya yi aiki ya cika batir ko ya daskarar da ƙanƙara a jikin ɗakin, da dare abin da ya tara ya riƙe sanyin. Ƙurar hunturu tana dushe faifan, gaskiya ne, amma maganinta tsumma da yaro mai himma. A Janairu 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Da yawa daga cikinku ma kun riga kun mayar da injin ban ruwanku na sola, ba wanda ya yi muku lacca. Gani ya kori ji.

Har wa yau, ruwan kanal da bazara ya fi iskar gari sanyi nesa ba kusa ba, injin da yake zubar da zafinsa a ruwa kuwa ya fi wanda yake zubarwa a iska mai digiri 40 sauƙin cin wuta. Dabarar mutanen Zurik ke nan aka juya ta. Wannan aiki ne da ya kamata injiniyoyinmu su auna a bakin kanal ɗin Tiga.

ƊAKIN KWANA FA?

Ba mu mance da shi ba. Mun san azabar Afrilu a ƙarƙashin kwano, mun san daren Janairu da ake shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, abin da yake kashe mutane cikin barci, ban da gobara. Injin nan yana maganin duka biyu. Amma mu yi lissafi irin na kasuwa. Na ɗaki guda yana cin kimanin yunit ɗaya a awa in yana aiki sosai. A farashin da aka yanka wa masu samun wuta awa 20 a Afrilu 2024, watau naira 225 kowane yunit, awa 8 na dare ya kama naira 1,800, wata guda naira 54,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Ban da kuɗin sayen injin. Wanda ya ce wa talaka ya fara da wannan, dariya yake yi masa.

Injin da zai sanyaya ɗakin mutum ɗaya kuɗi yake ci. Wanda zai sanyaya kwandunan mutum ɗari kuɗi yake kawowa, kuma da kuɗin nan ne wata rana manomi zai sa wa ɗakinsa abin da ya ga dama. Kafin ranar, akwai abin yi mai araha. Kakanninmu da suka yi soro da katanga mai kauri da azara ba wawaye ba ne, ɗakinsu da rana sanyi, da dare ɗumi. Wanda ya riga ya yi kwano ya sa silin, ya shafa wa rufin farin fenti, ya dasa darbejiya ta yamma da ɗakin, ya buɗe taga biyu masu kallon juna. Sa inji a ɗakin kwano marar silin ɗiban ruwa ne da kwando. Uwargida kuma ta tuna da dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Dutse, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a bisa. Ba ta cin wuta ko ta kwabo, kuma tana riƙe cefanen gida kwanaki. In kuwa akwai ɗakin da ya cancanci injin bayan kasuwa, to ɗakin haihuwa ne na asibitocin ƙauyukanmu, inda mai naƙuda take fama da zafi biyu, jariri kuma yake bukatar ɗumi da hunturu.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, gwamnatin jiha da Hukumar Haɗeja da Jama'are su ba da fili da jarin farko a kafa ɗakunan sanyi da na busarwa masu aiki da sola a Kwanar Gafan da Kura da Bunkure, a fara da kaɗan, a ga yadda suka yi kaka ɗaya, sa'an nan a ƙara.

Na biyu, makullin ya zauna a hannun ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da mata masu kauɗa a cikin kwamitin. A rubuta kuɗin kwanan akwati a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, boko da ajami. A ƙayyade yawan akwatin da mutum ɗaya zai ajiye, don kada mai tirela ya kama ɗakin gaba ɗaya ya mayar da maganin talaka sandar dukansa. A karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowane wata.

Na uku, kafin a sauke inji ko ɗaya, a koya wa samarin yankin gyaransa, a Kwalejin Fasaha ta Kano ko Jami'ar Kimiyya ta Wudil, a kuma ajiye kayan gyara da kuɗin sabon batir tun daga ribar farko. Ƙasar nan cike take da gine-ginen da aka yanka wa ƙyalle da kiɗa da tafi, bayan shekara ɗaya ƙadangaru suka gaje su don wani ɗan ƙarfe ya lalace babu mai canzawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, kada a kawo mana gwanjo. Tsofaffin injunan da wasu ƙasashe suka yar suna cin wuta fiye da sababbi, kuma da yawansu suna aiki da tsohon gas ɗin da duniya ta yi alkawarin dainawa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Wanda ya saye su ya sayi abin da gas ɗinsa zai yi wuyar samu. A sassauta kuɗin kwastan a kan sababbi masu cin wuta kaɗan, a tsananta a kan juji.

Na biyar kuma namu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suke iya haɗa kuɗin yashe kanal da adashin mako suna iya haɗa kason farko na ɗakin sanyi, don ranar da aka zo rabon iko a kansa su yi magana da bakin masu jari. Ku tayar da zancen nan a taron ƙungiya da majalisar bayan la'asar. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo muku da atamfa da taliya, ku karɓi gaisuwarsa, sa'an nan ku tambaye shi a gaban mutane: ina tumatirinmu zai kwana a watan Fabrairu, wa zai riƙe makullin, kuma wa zai gyara in ya lalace? In ya amsa da lissafi, ku saurare shi. In ya fara kame-kame, kun san kalmar da ake faɗa wa mai tayin banza.